Uromi: Kisan Ƙiyayya Ne Ko Ɗaukar Doka a Hannu?

Ɗan Bunkure: Jama'a, abin nan na ci min rai. Mafarauta 16 aka kashe a Uromi, jihar Edo, ƙarshen Maris 2025, cikin azumi, suna hanyar gida Kano daga Fatakwal don yin sallah. 'Yan sintiri ne suka tare motarsu, suka ga bindigogi, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya ƙone su. Amma sai ka ji ana cewa wai ɗaukar doka a hannu ne. Kisan ƙiyayya ne, kuma dokarmu ba ta san shi da suna ba. Ingila tun 1998 in launin fata ko asali ne dalilin laifi, alƙali na ƙara nauyin hukunci. Mu me muke jira?

Lauya: Ɗan'uwa, kisa dama hukuncinsa kisa ne: sashe na 319 a kundin laifuka na Kudu, 221 a na Arewa. Inda irin dokar za ta yi amfani shi ne duka, ƙona shago da korar mutane daga unguwa. Hujjarta kuwa abu uku: kalmomin da ake ihu da su a wurin, wa aka ware wa aka saki, da asalin bidiyon daga wayar da ta ɗauka. Wanda ya zaga WhatsApp ya riga ya rasa bayanan lokacin ɗaukarsa.

Hajiya: Ni dai ku daina cewa mafarauta. Matafiya ne. Da zarar ka ce mafarauta, ka miƙa wa makasan uzurin bindiga.

Sarkin Baka: Haba Hajiya, farauta abin kunya ce? Sana'ar kaka da kakanni! Adaka ce a hannunsu, ta baki ake ɗura ta: albarushi, tsumma, sannan harsashi, a danna da sanda. Harbi ɗaya, sai an sake ɗuri. Wane mai garkuwa da mutane ne ke fita da ita?

Direba: Baba, gaskiya ɗaya ce. Ɗan sintirin da ya tare babbar mota bai san adaka daga wata bindiga ba. Mai tafiya da ita ya riƙe lasisin 'yan sanda da katin ƙungiya a aljihu, shugaban ayari ya rubuta sunan kowa da lambar mota, ya bar kwafi a gida.

Sarkin Baka: Wato laifinsu ne kenan?

Direba: Ban ce haka ba, Baba.

Ɗan Bunkure: Ka ce mana. Irinku ne ke wanke su.

Lauya: Ko ba lasisi, doka ta ce wanda ba ɗan sanda ba in ya kama mutum, ya miƙa shi ofishin 'yan sanda nan take. Taya da fetur ba su cikinta. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin zirga-zirga, na 42 ya hana nuna bambanci.

Malama: To ku faɗi na Deborah Samuel ma, ɗalibar da aka kashe bisa zargin ɓatanci a Sakkwato, Mayun 2022. Ita ma taron jama'a ne, ita ma wuta.

Ɗan Bunkure: Malama, kar ki karkatar da zance. Ina kike lokacin matafiyan hanyar Rukuba a Jos, Agustan 2021?

Malama: Su ma matafiya aka ce musu, bai hana a kashe su ba. Hajiya, kin ga kalmarki ba ta ceto.

Hajiya: Ƙanwata, ba da ke nake ba. Amma matafiya ya fi jawo tausayi a jarida.

Sarkin Baka: Tausayin da sai mun ɓoye sana'armu ba ma so. Gwamna Okpebholo na Edo da ya je ta'aziyya ƙauyen Torankawa a Bunkure, jihar Kano, gidajen mafarauta ya je.

Mai kula da zaure: A taƙaice, akasarin jama'a sun yarda mafarauta ne sunan da ya dace, kuma adaka ba makamin ɓarayi ba ce. Direba ya janye maganarsa. Batun Sakkwato ba wurinsa ba ne. An rufe.

Direba: Ranka ya daɗe, ban janye komai ba.