Magazin ɗin fistol ya ƙi zama: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Kofur Ɗan Agege:
Assalamu alaikum manya. Fistol ɗin da nake sa hannu in karɓa a wurin aiki Beretta 92 ce, magazin (gidan harsashi) biyu ake haɗa min. Ɗaya lafiya lau. Ɗayan kuwa idan na cika shi harsashi 15 na tura, sai in ji kamar ya shiga, amma da na ja shi da yatsa sai ya zamo. Idan babu harsashi a ciki yana kamawa ƙas ba gardama. Mai ma'ajiyar makamanmu ya ce hannuna ne ba ƙarfi. Don Allah wanda ya san abin ya faɗa min, laifin bindigar ne ko na magazin?

Baba Samanja (mai ritaya), Ojo:
Wa alaikumus salam ɗana. Mai ma'ajiyar bai yi ƙarya duka ba, amma bai gama maka bayani ba. Idan magazin ya cika maƙil kuma silaid (ƙarfen saman bindigar da ke ja baya ya dawo) yana rufe, harsashin sama yana tokarar cikin silaid ɗin. Kafin ƙugiyar maɓallin sakin magazin ta faɗa gurbinta a jikin magazin ɗin, sai harsasan nan duka sun ɗan nutsa ƙasa, kuma sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke tura su sama, ya riga ya matse, saura kaɗan ya rage masa. Shi ya sa wofi yake shiga salin alin, cikakke yake gardama.

Gwada wannan a wurin da aka tanada don sauke bindiga, baki yana kallon yashi, yatsa nesa da kunama. Ja silaid baya ka kulle shi, ka tura cikakken magazin. In ya kama, to matsin nan ne. In bai kama ba ko a hakan, gurbin ne ya ci ko magazin ɗin ba na bindigar ba ne. A zamaninmu da fistol ƙirar Browning muka yi aiki, mai cin 13, da yawanmu 12 muke sawa don a huta da wannan rigimar. Kuma ka saba: ka tura da tafin hannu sau ɗaya da ƙarfi, sannan ka ja shi ƙasa ka tabbatar. Wanda bai ja ba bai san ko ya zauna ba.

Sufeto na Obalende:
Baba, ranka ya daɗe, a kan rage harsashi ɗaya ban bi ka ba. Magazin da aka ƙera don 15 ya kamata ya ɗauki 15 ya zauna. In sai an rage masa, a mayar da shi ma'ajiya. Ban da haka, harsashi ƙidaya ne, ka sa hannu a kan adadi, ɗayan da ka cire aljihu za ka jefa shi? Ranar da ya ɓace kai da takardar tuhuma ne.

Kofur, ɗora magazin biyun gefe da gefe a kan tebur ka dubi tsagar da ƙugiya take kamawa. Na taɓa ganin wanda aka haɗa wa Beretta da magazin ɗin Taurus PT92, ta Burazil. A ido kamar tagwaye suke, yana shiga ramin ma, amma tsagar ba iri ɗaya ba ce, don haka ko dai ya ƙi kamawa ko ya kama rabi. Ita kanta Beretta tsohuwar 92S maɓallinta a ƙasan mariƙi yake, sai daga baya aka dawo da shi bayan kunama. Magazin da tsagar ƙasa kaɗai gare shi ba zai zauna a sabuwar ba. Inda ake tara magazin a akwati guda ana ɗiba, irin wannan cakuɗewar ba wuya.

Baba Samanja (mai ritaya), Ojo:
Sufeto, maganar ƙidaya gaskiyarka. Ni dai na fi son sha biyu da suka zauna a kan sha uku da suka faɗo ƙasa a gaban jama'a.

Malamin Tin Can:
Ni nawa matsalar Legas ce tsantsa. Daga Kano aka yi min canjin aiki zuwa bakin ruwa. A can ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, a nan iskar gishiri da laima. Cikin damina, wajen Yuni da Yuli, magazin ɗina ya fara wani abu: harsashi na farko da na biyu su tafi daidai, daga nan sai silaid ya rufe a kan wofi. Mai ma'ajiya ya zare murfin gindi a gabana. Sifirin ya yi ja da tsatsa, bangon ciki kuma ya yi wani baƙin danƙo, mai ne da wani kafin ni ya ɗura ya haɗu da ƙura da zaren aljihu. Ɗan farantin da ke turo harsashi sama sai ka danna shi da biro ya tsaya a tsakiya yana kallonka.

Ya wanke, ya goge ya bushe ƙarau, ya shafa wa sifirin mai da tsumma kaɗan ƙwarai, sauran cikin ya bar shi a bushe. Ya ce cikin magazin ba ya son mai, datti yake tarawa, kuma ba a so ya jiƙa harsashi. Gumi ma yana yi, musamman mu da muke yini da shi a ƙugu cikin zafin Apapa.

Hajiya ASP:
Ƙannena, abin da ban ga an ambata ba shi ne leɓɓan saman magazin, waɗanda ke riƙe harsashi. A filin harbi muna sakin magazin ya faɗi a kan siminti, wani lokaci da ka. Leɓɓan suna buɗewa kaɗan, ido ba ya gani. Alamarsa, ka bugi gindin cikakken magazin a tafin hannu, in harsashi ya yi tsalle ya fito da kansa, ya gama aiki. Wani kuma yana kumbura, ya ƙi faɗowa in ka danna maɓalli. Sai dai masu Browning kada ku ruɗe, ita tana da abin da ke hana ta harbi in babu magazin, kuma abin yana gogar jikin magazin ɗin, shi ya sa sau da yawa sai an zaro shi da hannu. Wannan ba lalacewa ba ce.

Abin da na roƙi yarana: kada wanda ya ɗauki filaya ya ce zai matse leɓɓa. Zai yi kyau yau, gobe ya koma. Kowane magazin mun sa masa lamba da fenti a gindi. Wanda ya ba da matsala a filin harbi a rubuta lambarsa, in ya maimaita a ware shi. Kafin mu fara haka, mugun magazin guda sai ya zagaya hannun mutum biyar, kowa yana zagin bindigarsa.

Kofur Ɗan Agege:
Na gode Hajiya. To in an tabbatar ya lalace, wane iri ne mai kyau? Wani ya ce min akwai inda ake samu a gari.

Sufeto na Obalende:
Kul. Wanda ya faɗa maka haka ba masoyinka ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, mu ma aiki ne ya ba mu. Kayanta ta ma'ajiya suke shigowa, ta nan suke fita. Rubuta rahoto, mayar da shi, a shigar a rajista, a ba ka wani. In an ba ka zaɓi, ɗauki mai tambarin kamfanin bindigar, ko na Mec-Gar na Italiya, wanda kamfanonin bindiga da dama su ma shi ke yi musu. Wanda babu suna babu tambari, bar shi a akwatin.

Tsohon Soja, Ikeja:
Ko manyan ƙasashe sun sha wannan. Sojan Amurka sun ɗauki Beretta a 1985 suka kira ta M9. Da suka shiga Iraƙi a 2003 sai ƙorafi ya yi yawa cewa tana cijewa. Da aka bincika, yawancin laifin na wasu magazin ne na kwangila da aka yi wa rufi mai kaushi, rairayi yana maƙalewa a ciki. Aka canza rufin zuwa mai santsi, ƙorafin ya ragu.

Masu fistol Glock 17 kuma ku lura: daga Gen4, wato ƙira ta huɗu, ana iya juya maɓallin zuwa ɗaya gefen saboda bahagwai. In an juya, tsohon magazin mai tsaga a gefe ɗaya ba zai kama ba. Kuma kowane iri aka ba ka, sabo ne ko tsoho, kada ka fita aiki da shi sai ka harba shi a filin harbi, cike, tun daga na farko har silaid ya tsaya a buɗe bayan na ƙarshe.

Malamin Tin Can:
Oga, matsalar ke nan, harsashin gwaji ba kullum ake bayarwa ba. Mu dai ranar da aka kai mu filin, kowa yana zuwa da magazin ɗinsa duka, a raba harsasan da aka ba shi a tsakaninsu, ko biyar biyar ne, don kowanne ya taɓa aiki.