Tallafin motocin lantarki: mai saye za a ba ko mai masana'anta?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar abin hawa daga Kwangila zuwa Samaru a Zariya ta sa jama'a sun fara maganar keke da mota masu aiki da lantarki. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗauke wa irin waɗannan motoci harajin VAT, a shekarar kuma aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam, ma'adinin da ake haɗa batir da shi, a Jihar Nasarawa. Ina tambayar masana, idan har za a kashe kuɗin jama'a a wannan fanni, ina ya fi dacewa a zuba su, wajen rage wa mai saye farashi ko wajen masu tace ma'adini da ƙera batir?

Malamin Samaru:
Wa'alaikumus salam, Malam. A ganina rage wa mai saye farashi bai dace da mu a yanzu ba, domin batir shi ne mafi tsada a jikin motar, mu kuwa ba ma ƙera ƙwayoyinsa, saboda haka duk nairar da aka bayar, a masana'antar wata ƙasa za ta ƙare. Ƙasar Sin ta tallafa wa masu saye daga 2009 zuwa ƙarshen 2022, amma a lokaci guda ta gina kamfanoninta irin su CATL da BYD, har ta kai yau ita ce ke ƙera mafi yawan batiran duniya. Indonesiya kuwa hana fitar da ɗanyen nikel, wani ma'adinin da ke shiga batir, ta yi a 2020, masu jari suka ga ba makawa sai sun kafa matatu a can. Wannan hanya ta fi kusa da halinmu, tunda abin da Allah ya ba mu a ƙarƙashin ƙasa yake.

Hajiya Mai Shagon Batir, Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai an bar maganar wuta a baya. Direban keke da ke biyan balas kowace yamma ba zai iya ajiye kekensa awa biyar yana jiran a kawo wuta ba, kuma idan da janareta zai yi caji, fetur ɗin da ya gudu shi ya koma saye. Da za a ba matasa rance mai sauƙi su kafa tashoshin musayar batir masu aiki da hasken rana a PZ da Ƙofar Doka, mai keke ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke, da jarin ya fara juyawa tun kafin a yi maganar babbar masana'anta.

Tsohon Injiniya:
Hajiya ta yi gaskiya. Ga Malam kuma ina da ƙarin bayani: niƙa dutse da wanke shi daban, tace litiyam har ya kai darajar shiga batir daban, kuma mataki na biyun ne ke cin wuta da sinadarai da ƙwararru, a nan ne ribar take. Sannan mai jari ya fi tsoron sauyin manufa fiye da rashin tallafi. Amurka ta sa rangwamen haraji na dala 7,500 ga masu sayen motar lantarki a dokar 2022, aka soke shi a ƙarshen Satumban 2025 bayan kamfanoni sun riga sun zuba kuɗi. Northvolt, kamfanin ƙera batir na Suwidin, ya samu goyon bayan gwamnatoci da manyan kamfanonin mota, duk da haka ya durƙushe a 2025. Mu da muka ga Peugeot na Kaduna yana cika da ma'aikata lokacin da gwamnati ke sayen motocinsa, muka kuma ga yadda ya koma bayan shigowar motocin Kwatano, muna roƙon duk tallafin da za a bayar a kafa shi da doka, a ɗaure shi da sharaɗin horar da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na kwalejojin fasaha, a kuma bayyana wa jama'a adadin kuɗin da sunan wanda ya karɓa.