Maganin Feshin Hanci a Lokacin Hunturu

Da likitoci da masu harhaɗa magunguna suka tattauna kan toshewar hancin da ƙurar hunturu ke tayarwa a Kano, sun fi jan kunne kan feshi irin Otrivin. Maganin yana kama masu karɓar saƙon adirenalin (wuraren da wannan sinadarin jiki ke maƙalewa ya sa jijiya ta tsuke) a jijiyoyin jinin hanci, jijiyoyin su tsuke, kumburi ya sauka cikin mintuna. Amma kada a wuce kwana 5 ana fesa shi. Idan aka wuce, masu karɓar saƙon sukan daina amsawa, hanci ya toshe fiye da da, har mutum ya kasa barci sai da kwalbar kusa da matashin kai. Atishawa da ƙaiƙayi kuwa, cetirizine, maganin alaji da ake sha, shi ne maganinsu. Mai hawan jini ya guji maganin mura mai pseudoephedrine, wani sinadarin buɗe hanci.