Wasa ko jarrabawa: shawarwarin malaman likitanci a Garwa

A wata tattaunawa da wasu malaman likitanci da ɗalibansu suka yi a Garwa, a arewacin Kamaru, kan yadda za a riƙa gwada ɗalibai, ba wanda ya ce a jingine jarrabawar takarda. Inda za a sa wasa ne aka yi ta ja.

Shawarar da ta rinjaya ita ce a riƙa yin gasar tambayoyi ta waya, irin Kahoot, a ƙarshen darasi, amma kada makinta ya shiga sakamakon shekara. Wasan yana ƙara wa mai saurin dannawa maki, mai nazari a tsanake kuwa sai a bar shi baya. Ga ɗaukewar wuta, ga tsadar intanet. Amfaninsa dai, malami zai gane nan take wanda bai bambance sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ba.

Ni abin da ya fi kama hankalina shawarar wani dattijon likita ce: a gwada ɗalibi gaban mai kwaikwayon majinyaci, wato tsarin OSCE da aka bayyana a Birtaniya a 1975, majinyacin kuma ya yi magana da Fulatanci ko Hausa. Da Faransanci ake karatu, amma marasa lafiya da yawa ba da shi suke faɗin ciwonsu ba.