Kwamfutocin shago: in ɗora mai zama daram ko mai sabuntawa kullum?

mai_fotokwafi:
Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Samaru, kwamfuta uku, duk tsofaffin HP 'yan kwatano. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro, Windows 11 kuma ba ta hawa saboda ba su da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da take buƙata a cikin kwamfuta. Na ce to bari in koma Linux, wani tsarin kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows. Ƙanena ya kafe sai dai Arch, wani nau'in Linux, wai kullum sabon abu kake samu. Ni kuwa fargabata ɗalibi ya shigo da furojet ranar da zai miƙa, firinta ta ce ba ta san zancen ba. Me kuka gani?

ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗora Ubuntu 24.04 LTS, wato nau'in Linux mai zama daram da ake daɗe ana kula da shi, ka huta. Shekara biyar ake turo mata gyaran tsaro, har 2029, manhajojin kuma suna nan yadda ka san su. Arch ba laifi, amma sai mai lokacin karanta sanarwa kafin ya danna, ga cin data. Ni na taɓa fara sabuntawa batir saura kaɗan, aka ɗauke wuta ana tsakiya. Washegari baƙin allo kawai. Gangancina ne, amma kwana biyu ban yi aiki ba.

injiniya_mace:
Ban ƙi ta taka ba ɗan_Fagge, sai dai LTS ma tana da nata. LibreOffice ɗin ciki, wato manhajar rubutu mai kama da Word, zai tsufa, su kuma ɗalibai fayilolin Word suke kawowa. Ka bar tsarin a LTS, ka ɗauko LibreOffice ta Flatpak, wata hanyar ɗora manhaja daban da tsarin, shi kaɗai ya riƙa sabuntuwa.

tsohon_gyara:
Ƙanen naka yana ganin sabo shi ne tsaro. Tuna masa Maris 2024, da aka gano ƙofar ɓoye ta masu kutse a cikin xz, manhajar matse fayiloli. Nau'o'in Linux masu sabuntawa kullum, Fedora Rawhide, openSUSE Tumbleweed da Debian unstable, ta shiga. Debian stable da Ubuntu LTS ba ta kai gare su ba, don ba su riga sun ɗauki sabon ba. Amma fa kar ka kashe gyaran tsaro, wannan dole ne.

mai_fotokwafi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan gwada LTS daga filashi in ga ko firintar za ta amsa. Kwamfuta ta ukun, wadda ba ma buga komai da ita, na bar wa yaron ya yi Arch ɗinsa.