Karena ɗan Jamus ya fara ɗingishi, maƙwabci kuma yana so a yi barbara da karyarsa

Baban Hajara, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Bara bayan ƙaramar salla na sayo kwikwiyo daga Yawunde, irin na Jamus ɗin nan da muke ce wa berje, a kan sefa dubu 120, don gadin lambun albasata da ke hanyar Pitowa, saboda an taɓa kwance mini injin ban-ruwa. Yanzu watansa 14. Kwanan nan na lura in ya kwanta tashi na ba shi wuya, in zai yi gudu kuma tare yake ɗaga ƙafafun baya kamar zomo. Likitan dabbobi ya murza cinyar, ya ce kan ƙashin bai zauna daidai a gurbinsa na kwatangwalo ba, kuma galibi gado ne. Ga maƙwabcina yana da karya da ya saya wurin mutumin da na saya, ina kyautata zaton ciki ɗaya suka fito. Ya matsa mini a haɗa su, mu raba kuɗin kwiyakwiyan. Hankalina bai kwanta ba. In yarda? Ko in haɗa shi da karyar gida, ko 'ya'yan za su fi ƙwari?

Malamin dabbobi, Ngawundare:
Wa alaikumus salam Baban Hajara. Don Allah kada ka haɗa shi da kowace karya, ta Jamus ko ta gida. Wannan ciwon kwatangwalo sananne ne a berje. Asalin jinsin, wani sojan Jamus mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa shi a 1899, kuma tun farko da auren dangi aka daidaita kamanninsa. In ka sake haɗa wa da ƙanwa, cutar da ke ɓoye a jininsu ita za ta haɗu a jikin 'ya'yan. A Turai mai kiwo na gaskiya sai ya ɗauki hoton ƙashin uwa da na uba kafin barbara. A nan wa ya taɓa nuna maka irin wannan takarda?

Batun ruwa biyu kuma, kada a ruɗe ka. Jami'ar Kalifoniya ta Davis ta fitar da bincike a 2013 kan cututtukan gado 24: guda 10 sun fi kama karnuka masu jinsi tsantsa, ɗaya ta fi kama ruwa biyu, 13 kuwa babu bambanci, kuma ciwon kwatangwalo yana cikin 13 ɗin nan. Gauraya ba ta wanke uba mai ciwo.

Abin da za ka yi masa yanzu: kada ya yi ƙiba, ka daina sa shi tsalle a bayan mota, ka cire masa kaska kullum, domin zazzaɓin kaska ya fi yi wa berje tsanani. Kada kuma ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibuprofen yana lalata musu ciki da ƙoda.

Tsohon mafarauci, Marwa:
Ɗana, shekara talatin ina yawo da karnuka a daji. Karen gida, siriri mai jan gashi, zai wuni a ranar watan Afrilu yana bin zomo, ya sha ruwan tafki ya tashi. Naku mai gashi ninki biyu tun hantsi yake haki a ƙarƙashin dalbejiya. Ban ce namu ba ya ciwo ba, na binne kwiyakwiyai da yawa saboda zawon jini. Amma ko mu, in kare ya gurgunce tun yana ƙarami, ba ma barin ya yi iri.

Maman Ikram, Njamena:
Ni abin da ke ci mini rai masu murtukakken hancin nan ne, bulduk da ire-irensa, da aka fara shigowa da su don ƙawa. Na ga ɗaya a gidan ƙawata, a kwance ma gurnani yake, numfashi da ƙyar, a garin da zafi ke wuce digiri 40. Yawancin bulduk na Ingila ma sai an yi wa uwar tiyata ake ciro 'ya'yan, saboda girman kai. Mutum ne ya zaɓi wannan kama, dabbar ke shan wuya. Baban Hajara, ko wane iri ne, ka yi masa allurar haukan kare. Nan Njamena an yi gangamin rigakafi a 2012 da 2013, cutar ta ja baya ƙwarai.

Ɗalibi, Kuseri:
Yallaɓai, malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani kan sayar da karen gadi da na farauta, Sahnun, ɗaya daga cikinsu, ya halatta. Amma sayar da abu mai aibi kana sane ka ɓoye, wannan algus ne, babu saɓani a kansa. Za ku gaya wa mai saye cewa uban yana ɗingishi?

Baban Hajara, Garwa:
Na gode ƙwarai. Tambayar ɗalibi ita na kai wa maƙwabcin jiya bayan la'asar, ya yi shiru, sannan ya ce zai nemi wani kare. Na roƙe shi ya kai karyar a duba ta tukuna. Malam na Ngawundare, idan na sa aka yi masa dandaƙa, zai ci gaba da gadi kuwa? Kuma shimfiɗar buhu ta ishe shi, ko in zuba masa yashi ya riƙa kwanciya a kai?