Ina zan kai Goggona cin abinci a Nasarawa?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum. Goggona ce za ta zo daga Azare ranar Juma'a ganin likitan ido. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma tunda na kama aiki ban taɓa zaunar da ita na ce Goggo ci, daga gumina ne ba. Ina son in fita da ita daren Asabar wajen Nasarawa GRA a nan Kano. To ba ta cin shawarma da fiza, tana da hawan jini, kuma inda kiɗa ke tashi ba za ta zauna ba. Mu uku ne da ƙanwata, naira dubu 40 na ware. Don Allah a ba ni shawara.

Ɗan Tarauni:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, Yaya. Ki zaga Lamido Crescent da Sultan Road da Audu Bako Way da rana tukuna, ki leƙa da idonki. Unguwar Turawa ce tun zamanin mulkin mallaka, shi ya sa gidajen ke da fili da manyan bishiyoyi, kuma irin waɗanda aka mayar gidan abinci sun fi dacewa da dattijuwa, a zauna a tsakar gida a sha iska. Ku isa da an idar da Magariba. Daga ƙarfe 9 samari da 'yan mata ke cika wuraren, a nan ne ake ƙure sauti. Ki kuma tambaya ko kuɗin da ke kan takardar abinci ya haɗa da harajin VAT, kashi 7.5 ne, wasu sai wajen biya suke ɗora shi.

Hajiyar Fagge:
'Yata, ki saurare ni kan hawan jinin nan, don ni ma da shi nake fama. Yanzu wurare da dama a can suna yin tuwon shinkafa da miyar taushe da masa, za ki ce ai shi ke nan. Amma miya tun safe aka haɗa ta a babbar tukunya, gishiri da magi sun riga sun shiga, ba mai cire miki su. Gashin nama kuwa sai kin ce a yi ake ɗorawa. Ki kai ta inda ake girkin Kwarawa, wato mutanen Lebanon, ki ce a gasa kaza ko kifi, a rage gishiri, a sa lemon tsami, a kawo da burodinsu mai faɗi da salak. Kada ki ji tsoron baƙon abinci ne. Kwarawa sun haura shekara 100 a Kano, ga Beirut Road nan shaida, kuma wanda ya saba da gurasa burodin nan ba zai ba shi mamaki ba. Abin sha, shayi da na'ana'a, a kawo sukari daban. Zoɓo da kunun aya na irin wuraren nan zaƙi ya yi musu yawa.

Mutumin Jakara:
Ni dai da ni ne, cikin gari zan shiga da ita. Bandashe mai zafi da ƙuli-ƙuli da albasa, a haɗa da balangu, ko rabin kuɗin nan ba za ki kashe ba. Baƙo a Kano gurasa ake ba shi.

'Yar Gwammaja:
Malam, gaskiyarka, bandashe kam zan aika a sayo mata ranar Lahadi kafin ta hau mota. Amma so nake ta zauna a kan kujera a zo a tambaye ta me take so, ita da ta shekara da shekaru tana zuba wa wasu. Hajiya, na gode ƙwarai, ban yi tunanin zancen tukunya ba. Kazar zan sa a gasa.

Ɗan Tarauni:
Saura dawowa, Yaya. A 2022 gwamnati ta hana adaidaita sahu yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ko da wuri ma ba sa yawan shiga lungunan GRA. Ki riƙe lambar wanda kika sani ya dawo ya ɗauke ku wajen 9. Ki zaɓi wurin da ba bene, tunda daga wajen likitan ido ta fito.